Yadda za ka bi labarin auren Napoliyon da Josefin ba tare da an cika ka da ƙanzon kurege ba

Duk wanda ya shiga intanet neman labarin Napoliyon na Faransa da matarsa Josefin, abu biyu zai ci karo da su, ko dai a ce masa soyayyarsu ta fi ta kowa a duniya, ko kuma a ce masa ita maciya amana ce kawai shi kuma ya yi ta haƙuri da ita har ya gaji ya sake ta. Duka biyun rabin zance ne, kuma wallahi yana min ciwo in ga an rage rayuwar mutum biyu da suka sha wuya sosai an mayar da ita labarin minti ɗaya. To ga hanyar da nake ganin ta fi in kana so ka fahimci auren nan da kanka, ko don karatu ko don ka rubuta ko ka ba wasu labari.

Abu na farko, samu takarda ka jera shekaru, kar ka fara da wasiƙun soyayya tukuna duk da su suka fi daɗi. An haifi Josefin 23 ga Yuni 1763 a tsibirin Matinik can yankin Karebiyan, a gandun rake na mahaifinta da bayi ke nomawa. An haifi Napoliyon 15 ga Agusta 1769 a garin Ajaccio na tsibirin Kosika. Kenan ta girme shi da shekara 6, ka rubuta wannan da babban baƙi domin fina-finai da yawa suna juya abin. Aurensu 9 ga Maris 1796. Tafiyarsa Masar 1798, dawowarsa Oktoba 1799. Naɗinsa sarkin Faransa, ita kuma sarauniya, 2 ga Disamba 1804. Rabuwa Disamba 1809. Rasuwarta 29 ga Mayu 1814, tasa 5 ga Mayu 1821. Da zarar ka riƙe waɗannan, duk labarin da aka kawo maka sai ka tambaya a wace shekara ya faru, don mutumin da ya rubuta mata wasiƙa a 1796 yana kuka ba shi ne wanda ya rubuta mata a 1807 yana cewa ta yi zamanta kar ta zo ba, suna ɗaya ne amma zuciyar ta sauya. Sannan in za ka bincika a Google ka rubuta Joséphine de Beauharnais, kuma ka sani kafin ta haɗu da shi Rose mutane ke kiranta, saboda haka takardun farkon rayuwarta da wannan sunan za ka same su. Wani abin da ke rikita mutane shi ne kalanda, a lokacin juyin juya hali Faransawa sun ƙirƙiro tasu kalandar da sababbin sunayen watanni, sai 1 ga Janairu 1806 aka koma wadda aka saba, don haka in ka ga takardar aurensu an rubuta 19 ventôse shekara ta 4, to 9 ga Maris 1796 ɗin ne dai, akwai shafukan da ke juya maka kwanan watan kyauta.

Na biyu, kuma nan nake so ka daɗe, ka fara sanin matar tun kafin Napoliyon ya shigo rayuwarta. Mafi yawan masu zaginta daga 1796 suke fara labarin kamar daga sama ta faɗo. Tana da shekara 16 aka ɗauko ta daga Matinik aka kawo ta Faransa aka aura mata Alexandre de Beauharnais a Disamba 1779, auren haɗi ne na dangi, mijin kuma ya raina ta yana ganin 'yar ƙauye ce marar ilimi, yana can yana harkokinsa da wasu mata, ƙarshe ma ya zarge ta har da cewa 'yar da ta haifa ba tasa ba ce. Sun haifi Eugène a 1781 da Hortense a 1783, suka rabu da zama a 1785 bayan ta kai ƙara kuma ta yi nasara. Da juyin juya hali ya yi zafi aka kama mijin, ita ma aka kama ta a Afrilu 1794 aka jefa ta kurkukun Carmes a Faris, inda kullum ake zuwa da takarda a kira sunayen waɗanda za a kai wa injin fille kai. Ranar 23 ga Yuli 1794 aka fille wa mijin kai. Kwana 4 bayan haka Robespierre, jagoran gwamnatin da ke yin wannan kisa, ya faɗi, farkon Agusta aka sake ta. Ka duba fa, kwanaki kaɗan ne tsakaninta da mutuwa. Ta fito ba miji ba dukiya ga marayu biyu ga bashi, sai ta raɓu da manyan sabuwar gwamnati musamman Paul Barras, wanda masana da yawa ke ganin akwai alaƙa tsakaninsu. Ba ina wanke ta ba ne, amma in ba ka san kurkukun nan ba ba za ka gane dalilin da ya sa duk rayuwarta take neman inuwar da za ta fake, take kashe kuɗi kamar gobe ba za ta zo ba, take saurin kuka da tsoro.

Shi kuma a 1795 janar ne matashi siriri mai hausar Kosika a bakinsa in yana Faransanci, sai bayan da ya murƙushe boren masu son sarauta a titunan Faris ranar 5 ga Oktoba 1795 sunansa ya fito. Akwai wata yarinya 'yar Marsai mai suna Désirée Clary da ya yi wa alkawarin aure, ya bar ta ya koma wa bazawara mai 'ya'ya biyu. Riƙe sunan Désirée, zai yi maka amfani gaba. Za ka ga labarin cewa wai Eugène ne ya je wurin janar roƙon a mayar masa da takobin mahaifinsa, uwar ta je godiya, a nan suka haɗu. Napoliyon da Eugène da Hortense duk sun ba da labarin, amma masana da dama sun fi karkata ga cewa a gidajen taron su Barras suka san juna, to ka ajiye shi a layin "ana cewa".

Takardar auren kanta darasi ce a kan yadda takardar hukuma ma ke iya ƙarya. Auren ofis aka yi da dare a Faris, ba coci, angon ya zo a makare, ita ta rage wa kanta shekara 4 shi kuma ya ƙara wa kansa wajen wata 18 don su zo kusa da juna. Bai gaya wa mahaifiyarsa Letizia ba sai bayan an gama, kuma wannan dattijuwa da 'ya'yanta ba su taɓa yafewa ba. Kwana 2 kacal bayan ɗaurin aure ya wuce ya karɓi rundunar yaƙin Italiya.

To yanzu sai ka zo kan wasiƙu. Ga yadda za ka karanta su. Ka fara da na 1796, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da kwanan wata, kana duba taswirar arewacin Italiya a gefe. A wadda ya rubuta daga Nice ƙarshen Maris yana ce mata bai yi kwana ɗaya ba tare da sonta ba, ko shayi bai sha kofi ɗaya ba sai ya tsine wa neman suna da burin da suka raba shi da ita. Mutum ne da ke cin yaƙi bayan yaƙi, Lodi, Castiglione, Arcole, amma da dare ya zauna ya yi ta rubutu yana roƙo ta zo, yana ƙorafin wasiƙunta gajeru ne kuma sanyi ƙalau, yau ya zage ta gobe ya ba ta haƙuri a takarda ɗaya. Ita kuwa tana Faris tana jin daɗin yadda ake girmama ta a matsayin matar janar, ta yi ta kawo uzuri har da cewa tana da ciki, sai ƙarshen Yuni ta taso, kuma a cikin ayarin tafiyar akwai wani ƙaramin hafsan dawaki Hippolyte Charles wanda suke soyayya. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta ƙarshen Nuwamba 1796, bayan ya gama yaƙin Arcole ya sheƙo Milan a guje don ya gan ta, ya haura ɗakinta ya tarar ba kowa, ta tafi Genoa wajen shagali. Karanta abin da ya rubuta a ranar da washegari, za ka ji mutumin da aka ci wa fuska amma ya kasa daina so.

Amma ga gargaɗi. Kusan duk abin da ya rage nasa ne, wasiƙun da ita ta rubuta masa kaɗan ƙwarai suka tsira, kenan murya ɗaya kake ji a rigimar mutum biyu. Don ka ji tata muryar sai ka nemi wasiƙunta zuwa ga Hortense da Eugène da Barras, nan za ka ga mace mai taushin hali mai yawan roƙa wa mutane alfarma. Sannan ka duba wane bugu ne a hannunka. Hortense ce ta fitar da tarin wasiƙun a 1833, kuma 'ya ce mai kare mutuncin uwarta, ta tace ta cire abin da ba ta so. Bugun da aka fi dogara da shi yanzu shi ne na gidauniyar Fondation Napoléon, kundi 15 da suka fito daga 2004 zuwa 2018, wasiƙu sama da dubu 40 na Napoliyon gaba ɗaya. In ba ka jin Faransanci akwai tsofaffin fassarori na Turanci kyauta a intanet, ka yi amfani da su amma ka san da yawansu daga bugun Hortense aka ɗauko. Kuma duk maganar da ka gani a Facebook an liƙa hotonsa an ce ya rubuta wa Josefin, tambayi kwanan wata da garin da aka rubuta. In babu, bar ta. Wannan sananniyar da ake cewa wai ya ce mata kar ta yi wanka yana nan tafe, ba a same ta a cikin wasiƙunsa da aka tantance ba.

Inda labarin ya juya shi ne Masar, kuma in ka fahimci wannan gaɓar ka fahimci auren duka. A Yuli 1798 abokinsa Junot ya fayyace masa zancen Hippolyte Charles. Ya rubuta wa yayansa Joseph cewa yana cikin baƙin cikin gida mai yawa, lulluɓin ya yaye gaba ɗaya, ya gaji da mutane, ɗaukaka ma ta fice masa a rai tun yana shekara 29. Jiragen ruwan Ingila suka kama wasiƙar, jaridun Landan suka buga, duniya ta ji. A can Alƙahira ya ɗauki matar wani hafsansa, Pauline Fourès, ya mayar da ita farkarsa a bainar jama'a. Da ya sauka Faransa Oktoba 1799 Josefin ta fita a guje ta tare shi a hanya kafin danginsa su riga ta, sai aka yi saɓani, ta bi hanya ɗaya ya biyo wata, ya iso gida ya tarar ba ta nan, 'yan'uwansa suka samu fili suka zuga shi ya yi rantsuwa sai ya sake ta. Ta dawo ta tarar ya kulle ƙofa, ta tsaya a bakin ƙofar tana kuka tsawon dare, sai da Eugène da Hortense suka zo suka sa baki da nasu kukan sannan ya buɗe. Da safe ƙaninsa Lucien ya zo jin labarin saki ya tarar da su tare. Makonni kaɗan bayan haka, 9 ga Nuwamba 1799, ya yi juyin mulkin da ya ba shi ƙasar. Daga daren nan da ta yi kuka a bakin ƙofa babu wata hujja mai ƙarfi cewa ta sake cin amanarsa, ita ce ma ta koma mai kishi mai jiran wasiƙa, shi kuma ya shiga neman mata ba ƙaƙƙautawa yana ganin haƙƙinsa ne. Saboda haka in wani ya tambaye ka wa ya fi son wani, ka ce masa a wace shekara.

Abu na gaba da ya kamata ka koya shi ne tambayar wa ya faɗa, yaushe ya rubuta, kuma me yake nema. Mafi yawan labaran cikin ɗaki da ke yawo daga littattafan tuna baya na mutanen fada suka fito, kuma kusan duk bayan faɗuwar Napoliyon aka rubuta su lokacin da zaginsa ke kawo kuɗi da muƙami. Barras ya rubuta munanan abubuwa a kan Josefin, amma ka tuna Napoliyon ne ya tumɓuke shi daga mulki a 1799. Bourrienne sakatarensa ne kuma abokin makaranta, amma an kore shi kan harkar kuɗi, littafinsa na 1829 kuma wasu ne suka taya shi rubutawa. Madam de Rémusat ta zauna da Josefin a fada ta ga abubuwa da idonta, sai dai ta ƙona rubutunta na asali a 1815 don tsoro, ta sake rubutawa daga ƙwaƙwalwa bayan shekaru, jikanta ya buga a wajen 1880. Matar Junot ta rubuta kundi 18 tana cikin bashi. Ba cewa nake ka watsar da su ba, ai in ka watsar ba abin da zai rage, amma in abu ya zo daga bakin mutum ɗaya tak ka ce wane ya ce, in mutum biyu da ba sa ga maciji da juna suka faɗi abu ɗaya to ka fi natsuwa. Zanen barkwancin Ingila na lokacin, irin na Gillray da ya zana ta tana rawa tsirara gaban Barras, farfagandar yaƙi ce, kar ka ɗauke ta shaida.

Ko zanen naɗin sarauta na mai zane David da ke gidan tarihi na Louvre, mai faɗin kusan mita 10, ka kalle shi da wannan idon. Buɗe shi a waya ka ja shi ya girma. Za ka ga Josefin a durƙushe fuskarta kamar ta budurwa alhali tana da shekara 41, za ka ga Letizia zaune a tsakiya a sama tana kallo alhali ba ta halarci bikin ba sam, Napoliyon ne ya sa a zana ta. 'Yan'uwansa mata an zana su tsaye a natse, amma a zahiri sai da aka yi rigima kafin suka yarda su riƙe wa Josefin jelar alkyabba. Kuma akwai abin da zanen bai nuna ba, jajiberin bikin Josefin ta je ta gaya wa Fafaroma Pius na 7 cewa aurensu na ofis ne kawai ba a ɗaura a coci ba, Fafaroma ya ce to ba zai sa musu albarka ba, dole ranar 1 ga Disamba 1804 kawun Napoliyon, Kadinal Fesch, ya ɗaura musu a asirce a fadar Tuileries. Ni dai ina ganin wannan ya nuna ta san abin da ke tafe, tana neman ƙulla igiyar da za ta yi wuyar kwancewa.

Sai maganar haihuwa, wadda ita ce ta kashe auren. A nan mai karatu namu yana bukatar ya tsaya ya gane dokar wurin, don tambayar farko da za ta zo maka ita ce me ya hana shi ƙara aure ya bar ta a ɗakinta. Ba dama, a dokar Faransa da ta cocin Katolika mace ɗaya ce, kuma ɗan da aka haifa a waje ba ya gadon sarauta, saboda haka ko ya zauna da ita ba magaji ko ya rabu da ita. Shekaru ya yi yana zaton matsalar daga gare shi take tunda ita ta haifi biyu, ita kuma ta yi ta zuwa garin Plombières wankan ruwan zafi na magani ko Allah zai sa a dace. Ta ma haɗa auren 'yarta Hortense da ƙaninsa Louis a Janairu 1802 don jikan ya zama magaji, auren da ya zame wa Hortense azaba, kuma wannan yana cikin abin da nake ganin laifinta a kai ƙarara. Bi yadda abubuwa suka jeru: Disamba 1806 wata farkarsa Éléonore Denuelle ta haifi ɗa namiji, Mayu 1807 jikan nan ɗan Hortense da aka sa wa rai ya rasu yana shekara 4, a 1807 ɗin yana Folan da Marie Walewska yana rubuto wa Josefin da ke jira a Mainz cewa hanya ba kyau sanyi ya yi yawa ta koma Faris, a 1809 Walewska ta samu ciki wanda ya cire masa duk wani kokwanto, sannan Oktoba 1809 aka kama wani saurayi Bajamushe da wuƙa yana shirin kashe shi a fadar Schönbrunn ta Ostiriya, ya ga in ya mutu yau daular ta watse. Da ya dawo fadarsa ta Fontainebleau a Faransa Josefin ta tarar an toshe ƙofar da ta haɗa ɗakinta da nasa.

Ranar 30 ga Nuwamba 1809 bayan cin abincin dare a Tuileries ya gaya mata. Wani jami'in fada mai suna Bausset ya ce ya ji ihu, aka kira shi ya tarar da ita a ƙasa, shi da sarki suka ɗauke ta suka sauko da ita ta wata ƙaramar matakala, kuma wai a hanya ta raɗa masa cewa ya matse ta da yawa. Masu cewa suman ƙarya ta yi da wannan suke kafa hujja, amma ka lura Bausset kaɗai ya faɗa, kuma ko da ta farfaɗo a matakalar hakan bai nuna baƙin cikin ƙarya ba ne. Game da ranar sakin za ka ga littattafai sun saɓa, kar ka ruɗe, matakai uku ne. 15 ga Disamba aka taru a gaban dangi kowa ya karanta takardar amincewarsa, ita ta fara karantawa kuka ya ci ƙarfinta wani jami'i ya ƙarasa mata. 16 ga Disamba majalisar dattawa ta zartar, kuma dole aka bi ta majalisa domin dokar da shi kansa ya kafa a 1804 ta hana rabuwa ta yardar juna in mace ta wuce 45, ita kuwa tana 46. Sai Janairu 1810 kotun cocin Faris ta ce auren sirrin nan na 1804 bai ɗauru ba tun asali saboda babu limamin unguwa babu shaidu. Fafaroma a lokacin yana tsare a hannun Napoliyon ba a tambaye shi ba, shi ya sa kadinal 13 suka ƙi zuwa bikinsa da Marie Louise 'yar sarkin Ostiriya, yarinya 'yar shekara 18, a Afrilu 1810. Ta haifa masa ɗa 20 ga Maris 1811.

Kar ka rufe littafi a nan kamar yadda mutane ke yi. Napoliyon ya bar wa Josefin sarautarta ta sarauniya, da gidan Malmaison, da wani gidan a Navarre kusa da Évreux, da faran miliyan 3 duk shekara, ya ci gaba da rubuta mata yana mata faɗa kan bashi da yawan kuka. Karanta waɗannan wasiƙun na bayan saki kusa da na 1796, gajeru ne amma akwai kulawa a ciki. Ta rasu a Malmaison tana shekara 50 bayan sanyi ya kama ta a kwanakin da Sarkin Rasha Alexander ke kai mata ziyara, Napoliyon yana tsibirin Elba inda aka kai shi bayan an ci shi da yaƙi, a jarida ya gani. Fim ɗin nan mai suna Napoleon da ya fito 2023 ya nuna kamar don ita ya gudo daga Elba ya tarar ta mutu, alhali sai ƙarshen Fabrairu 1815 ya baro tsibirin, wata 9 bayan rasuwarta, kuma marin da aka nuna ya yi mata a wajen saki babu shi a bayanan waɗanda suka halarta. Maganar cewa sunanta ne kalmarsa ta ƙarshe a tsibirin Saint Helena inda ya rasu a tsare, daga Montholon, wani janar da ke tare da shi, ta fito, sauran da ke ɗakin sun ji zancen runduna amma ba duka suka ambaci sunanta ba.

Akwai gefe guda da bai kamata mu tsallake ba mu da muke Afirka. Arzikin gidan su Josefin daga gumin bayi baƙar fata ya fito, kuma a Mayu 1802 gwamnatin mijinta ta yi dokar ci gaba da bauta a tsibiran da suka haɗa da Matinik, aka kuma mayar da ita da ƙarfin bindiga a Guadeloupe inda aka riga aka 'yanta mutane tun 1794. Mutane da yawa a Matinik sun yi imani da hannunta a ciki, shi ya sa aka sare kan mutum-mutuminta a Fort-de-France a 1991, aka kuma tumɓuke shi gaba ɗaya a Yuli 2020. Masana tarihi ba su samu takardar da ta nuna ita ta sa shi ba, 'yan kasuwar sukari da masu gandu sun fi ta ƙarfi a wannan, amma in za ka ba da labarin furanni da kayan ado ka faɗi wannan ma, jama'ar da aka bautar sun cancanci a ambace su.

In Allah Ya kai ka Faris, Malmaison na yamma da birnin, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ka shiga jirgin RER A zuwa La Défense ka hau bas mai lamba 258, kuma kar ka je ranar Talata a rufe yake. Josefin ta sayi gidan Afrilu 1799 Napoliyon yana Masar, kan kuɗi sama da faran dubu 300 da ba ta da su, sai da ya dawo ya biya. Ka nemi ɗakin kwananta mai kama da tanti ja, nan ta cika, ka duba ɗakin karatunsa da ɗakin majalisa inda aka gudanar da mulkin Faransa tsakanin 1800 da 1802. A lambun ne ta tara wardi iri-iri da tsirrai daga ƙasashe masu nisa har da dabbobin Ostareliya, mai zane Redouté ya zana mata furannin. Kabarinta na cocin Saint-Pierre-Saint-Paul a cikin garin Rueil, ana iya takawa da ƙafa, na Hortense ma yana nan. Wanda ba zai iya zuwa ba, shafin gidan tarihin yana da hotunan ɗakunan.

Aiki na ƙarshe da zan ba ka shi ne ka zana bishiyar zuri'a, layi biyu. A layin Napoliyon, ɗan da aka yi sakin dominsa ya girma a Ostiriya nesa da ubansa, ya rasu 1832 yana shekara 21 bai yi aure ba. A layin Josefin, ɗan Hortense ne ya zama Napoliyon na 3 ya mulki Faransa har 1870. Eugène ya auri 'yar sarkin Bavaria a 1806, 'yarsu mai sunan kakarta ta auri Oscar na Suwidin, wanda shi ne ɗan Désirée Clary ɗin nan da Napoliyon ya bari a 1795, ita ma ta zama sarauniyar Suwidin ta hanyar mijinta Bernadotte. Daga wannan auren gidajen sarautar Suwidin da Norwe da Denmak da Beljiyam da Luksambag na yau suka samu jinin Josefin, kuma za ka iya bin sunayen ɗaya bayan ɗaya daga Oscar na 1 har zuwa masu sarauta a yanzu.